Yadda Mai Maganin Gargajiya Zai Tsare Ingancin Maganinsa da Amanar Masu Zuwa Wurinsa

Maganin gargajiya a ƙasar Hausa ya daɗe da barin zauren mai shi. A da mai magani shi ke shiga daji ya saro sassaƙe, shi ke daka, shi ke duba majinyaci ido da ido ya ƙulle masa abin da ya dace da shekarunsa da ƙarfin jikinsa, kuma idan wani abu ya faru kowa a gari ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Yanzu kuwa garin maganin da aka haɗa a Kano yana isa Legas ko Maraɗi ko Kumasi cikin gora da leda, ana tallarsa a rediyo da Facebook da TikTok, wanda zai sha kuma bai taɓa ganin wanda ya haɗa ba. Abin da ke raka irin wannan magani zuwa hannun mai sha bai wuce tsarin da aka bi kafin a rufe murfinsa da bayanin da aka rubuta a jikinsa ba. Saboda haka mai sassaƙe, da mai shagon da ake kira Islamik kemis, da mai ƙaho, da mai ɗori, da mai haɗa kayan mata, kowannensu yana bukatar hanyar aiki wadda wani zai iya bin sawunta daga itace har zuwa majinyaci.

Gwamnatin Nijeriya ta san da zaman wannan sana'a. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya a 2007, ta wallafa kundin tsirran magani na ƙasa a 2008, sannan ta buɗe sashe na musamman domin wannan fanni a 2018. Sai dai takardun Abuja ba su ne ke shanya ganye ko wanke turmi ba, don haka mafi yawan abin da zai biyo baya aiki ne na yau da kullum wanda ke hannun mai sana'a shi kansa.

Daga daji zuwa turmi

Matakin farko shi ne tabbatar da cewa itacen da ke hannu shi ne wanda ake nufi. Sassaƙe idan ya bushe aka faffasa shi, da wuya ido ya bambance na wannan itace da na wancan, kuma sunan da ake kiran tsiro da shi a Sakkwato yana iya zama na wani tsiro daban a Bauchi ko Damagaram. Wanda ke sayen kayansa a kasuwa, kamar Kasuwar Kurmi, ya tsaya ga dillalin da ya sani kuma ya tambayi inda aka saro da lokacin da aka saro. Wanda ke son ya zuba maganinsa a kwalba kuwa ya kamata ya ɗauki ɗanyen reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, ya kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko ta Jami'ar Bayero a Kano, ko cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja. A can ne za a ba shi sunan tsiron na kimiyya tare da lambar shaida, sunan da zai bukata daga baya wajen rajista.

Maganar da masu talla ke yawan yi cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya illa, ba gaskiya ba ce, kuma tsofaffin masu magani sun fi kowa sanin haka. Zaƙami yana gusar da hankali har ya kai ga kisa, ƙwayar idon zakara da ta zurman guba ce idan aka tauna, nonon tumfafiya yana lahanta ido, saiwar sanya kuma, duk da ana yi mata kirari da uwar magunguna, tana halakarwa idan aka wuce ƙima. Ko filasko da ake ɗauka abu mai sauƙi, idan mutum ya mai da shi abin sha kullum domin wankin ciki, yana zubar da gishirin jiki ya raunana hanji. Irin waɗannan a ware su a wuri na daban, a rubuta sunansu a jikin mazubi, kada yaron shago ya ɗebo su da kuskure.

Wurin da aka ɗebo tsiro yana shiga cikinsa. Kada a tsinki ganye a bakin babbar hanya, ko gefen bola, ko inda ruwan masana'antu da na majemu ke gangarawa, ko gonar da aka yi wa feshi kwanan nan, wanda ya fi shafar zogale da zoɓo da ake nomawa domin kasuwa. Wajen sassaƙa kuma a ɗebi gefe guda a bar sauran, domin maɗaci ko marke ko hano da aka zagaye da gatari mutuwa yake yi.

Shanya ita ce inda magani mai kyau ya fi lalacewa. A shanya a kan tabarma mai tsabta ko raga da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da kaji da awaki, ganye a inuwa mai iska, sassaƙe da saiwa kuma a bar su har sai sun karye da ƙara idan aka lanƙwasa. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar da shi gaba ɗaya, kada a kankare a niƙa, saboda wani nau'in fumfuna yana fitar da gubar afulatoksin wadda ke lalata hanta kuma take cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, tafasawa kuma ba ta kashe ta. Niƙa ma tana bukatar injin da aka keɓe. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum, ya samo asali ne daga daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, da turame da injinan da abinci ke bi ta cikinsu. Mai magani da ke kai kayansa injin unguwa bai san abin da aka niƙa kafin nasa ba. Dalmar nan kuma ita ce ke cikin wasu nau'o'in kwalli na dutse, don haka ba abin da za a sa wa jariri a ido ba ne.

Maganin ruwa ya fi na gari saurin lalacewa. Jiƙo ko tsimi da ba a sa masa abin hana lalacewa ba kwanaki kaɗan yake yi kafin ya fara tsami, musamman a lokacin zafi, kuma zuba shi a tsofaffin gorunan da aka tsinto daga wurin biki yana ƙara masa ƙwayoyin cuta. A yi amfani da tafasasshen ruwa da sababbin mazubai, wanda ba shi da halin haka ya sayar da gari ya koya wa mai saye yadda zai jiƙa na yini guda.

Awo, littafi, da abin da ba a faɗa ba

Ɗibar yatsu uku da cikin tafin hannu awo ne da ya yi aiki lokacin da hannu ɗaya ke ɗiba. Da zarar an samu ma'aikata, ko aka fara haɗa buhu guda a lokaci ɗaya, sai a koma ga sikeli, a rubuta giram nawa na kowane abu ke shiga, domin kwalbar watan Janairu ta zama daidai da ta watan Yuli. Kowane haɗi a ba shi lamba, a rubuta a littafi ranar da aka yi shi, da inda kayan suka fito, da wanda ya haɗa, da adadin kwalaben da suka fita, da dillalan da suka ɗauka. A ajiye kwalba biyu ko uku daga kowane haɗi har wa'adinsa ya ƙare. Wannan littafi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne zai kare mai sana'a ranar da aka zo da ƙorafi, kuma shi ne zai nuna masa inda zai bi ya janye kaya idan aibin nasa ne.

Babban ha'incin da ya fi ɓata sunan wannan sana'a shi ne zuba maganin asibiti a ɓoye cikin na gargajiya. Ana daka deksametason da ire-irensa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe, a cikin maganin ƙiba da na ciwon gaɓoɓi, ana zuba dikilofenak a maganin ciwon jiki, ana kuma sa sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, a maganin ƙarfin maza. Mai sha zai ga aiki nan take ya yi ta sa albarka, alhali kumburin fuskar da yake ɗauka ƙiba ce alamar illa ce. Deksametason yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, wanda ya daɗe yana sha kuma idan ya daina farat ɗaya yana iya faɗuwa rai a hannun Allah. Dikilofenak yana cin bangon ciki yana taɓa ƙoda. Sildenafil idan ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana sa jini ya faɗi ƙasa ƙwarai cikin ɗan lokaci. A ganina mai yin wannan ya fita daga sahun masu magani, domin ya hana mutum sanin abin da ke shiga cikinsa, ya kuma hana likitan da zai karɓe shi daga baya gane tushen matsalar. Mai shagon da ke sarin kayan wasu shi ma abin ya shafe shi: garin da ba a san mai haɗa shi ba, wanda ke aiki cikin minti talatin kamar allura, abin tuhuma ne, kuma ya fi kyau a mayar da shi.

Rajista da abin da lambar NAFDAC ke nufi

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da alhakin duk maganin da aka haɗa aka rufe a mazubi domin sayarwa ga jama'a, kuma tana da ƙa'idoji na musamman kan rajistar magungunan tsirrai, da rubutun jikinsu, da tallarsu. Mai neman rajista zai fara da yi wa kasuwancinsa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya yi wa sunan maganin rajistar tambarin kasuwanci, sannan ya shigar da buƙatarsa ta shafin NAPAMS na intanet. Jami'ai za su zo su duba wurin da ake haɗawa, su ga ruwa da tsabta da lafiyar ma'aikata da yadda aka raba ɗakin ajiya da na aiki, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji, kuma za a nemi sakamakon gwajin da ke nuna cewa maganin ba guba ba ne. Kada a bi ta hannun ɗan kamasho da ke alƙawarin kawo lamba cikin mako guda, domin lambar da ba ta cikin kundin Greenbook na hukumar, wanda kowa zai iya dubawa a waya, lambar bogi ce.

A nan akwai abin da masu sayarwa da masu saye duka suke yawan kuskurewa. Mafi yawan magungunan gargajiya izinin wucin gadi na shekara 2 ake ba su, lambarsu kuma tana ƙarewa da harafin L. Wannan lamba shaida ce cewa an gwada samfurin ba a ga yana cutarwa ba, ba shaida ce cewa yana warkar da abin da aka ce yana warkarwa ba, shi ya sa ake wajabta rubuta jimlar da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansa ba. Cikakkiyar rajista ta shekara 5 sai maganin da aka gwada a kan majinyata bisa tsarin bincike aka tabbatar da amfaninsa. Don haka mai talla da ke ɗaga kwalba yana cewa NAFDAC ta tabbatar yana maganin suga, ya yi wa hukumar ƙarya, ya kuma yaudari mai saye.

A jikin mazubi a rubuta sunan magani, da abubuwan da ke ciki da sunayensu na kimiyya, da yawan abin da za a sha da tsawon kwanakin sha, da lambar haɗi, da ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da cikakken adireshin mai haɗawa, da gargaɗi ga masu ciki da masu shayarwa da yara. Yana da kyau a ƙara bayanin da Hausa, har da ajami in da hali, tunda masu shan ba duka ke karanta Turanci ba. Masu tsoron kada a sace musu sirrin gado su lura da tarihin Niprisan, maganin sikila da NIPRD ta inganta a shekarun 1990 daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa, bisa rubutacciyar yarjejeniya da mai haɗin. Hanyar kare sirri ita ce takarda da lauya kafin a miƙa samfurin bincike, ba ɓoye wa mai sha abin da yake sha ba.

Talla tana bukatar izininta daban daga NAFDAC da kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON. Dokar abinci da magunguna ta ƙasa ta hana tallata wani abu ga jama'a a matsayin maganin wasu cututtuka da ta jera, cikinsu har da kansa, da ciwon suga, da farfaɗiya, da tarin fuka, da rashin ƙarfin maza, wata dokar kuma ta hana sayar da magani a tasha da cikin mota da bakin titi. Kwalba ɗaya da aka jera mata cuta ashirin, daga basir zuwa sammu, ita kanta tana shaida a kan mai ita. Batsar da ake saki ta lasifika a bakin kasuwa, a gaban yara da iyayensu, ba ta bukatar wata doka kafin mai mutunci ya bar ta.

Idan majinyaci ya zauna a gabanka

Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito yana cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da alhakin abin da ya ɓata. Ma'anar wannan a aikace ita ce kowa ya tsaya a fannin da ya koya, kada ya kira kansa dokta ba tare da shaidar hakan ba, kuma ya yi rajista da hukumar jiharsa, kamar PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Kano, da ƙungiyar masu maganin gargajiya ta ƙasa. 'Yan'uwanmu da ke wannan sana'a a zangunan Ghana suna ƙarƙashin majalisar da dokar shekarar 2000 ta kafa domin ba masu maganin gargajiya lasisi.

Kafin a miƙa magani a yi tambaya: shekaru nawa, akwai ciki ko goyo, akwai ciwon ƙoda ko hanta, wane maganin asibiti ake sha. Tafarnuwa mai yawa tana ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi, zoɓo yana sauke jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya sani, zuma kuma duk da albarkarta ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Haka daurin da ake ɗura wa jarirai, tunda shawarar masana lafiya ita ce nonon uwa zalla har wata 6. Abin da bai halatta ba ko kaɗan shi ne a ce wa mutum ya ajiye maganin asibitinsa. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi iƙirarin yana warkar da ƙanjamau da haɗin tsirrai, aka sa majinyata suka daina shan magungunansu, kuma hukumar bin diddigin gaskiya ta ƙasar ta saurari shaida daga baya kan waɗanda suka rasu a sanadin haka. Mai suga da ya bar allurar insulin, da mai farfaɗiya, da mai tarin fuka da ya katse maganinsa a tsakiya, duk hatsari ɗaya suke fuskanta.

Akwai alamomin da ba a jinkiri da su, aikin mai magani a kansu shi ne ya ce a tafi asibiti yanzu, in ya samu hali ma ya rubuta 'yar takarda mai bayanin abin da ya riga ya bayar. Yaro mai zazzaɓi da jijjiga ko wanda ya kasa kama nono, mai ciki da ke zubar da jini ko take fama da ciwon kai da kumburi, naƙudar da ta wuce awa 12, tarin da ya haura mako 2, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ƙullutu a nono, shanyewar ɓarin jiki, idon da ya koma rawaya, da saran maciji, wanda garin Kaltungo a Jihar Gombe ke da asibiti na musamman dominsa. Mai ɗori ya bar karayar da ƙashi ya huda fata ga likitocin ƙashi irin na asibitin Dala da ke Kano, kuma duk ɗorin da ya yi ya duba yatsu: idan sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko majinyaci ya daina jin su, a kwance nan take, domin ɗauri mai tsanani yana kashe gaɓa cikin sa'o'i, abin da ke kai yara da yawa ga yanke hannu.

Mai ƙaho da wanzami su ɗauka cewa jinin kowa yana iya ɗauke da cuta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, goge aska da tsumma ko tsoma ta a ruwan ɗumi kuma ba ya kashe ta. Reza sabuwa ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa, kofunan roba na hijama ba a maimaita su, safar hannu a sauya, abin da aka yi amfani da shi a jefa a mazubi mai murfi da ba ya hujewa, shi kansa mai aikin ya yi allurar rigakafin ciwon hanta. Yankan gishiri da kaciyar mata kuwa a bar su ɗungurungum, domin na farkon yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, na biyun kuma dokar hana cin zarafi ta 2015 ta haramta shi. Mai ruƙya ya sani cewa duka da ɗaure mai taɓin hankali da mari ba magani ba ne, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta ba irin waɗannan majinyata kariya daga azabtarwa da wulaƙanci.

A faɗi kuɗin magani tun farko, a bayyana abin da za a yi kafin a taɓa jikin mutum, a jira yardarsa. Namiji kada ya keɓe da mace a ɗakin dubawa ba tare da muharraminta ko wata mace ba. Sirrin majinyaci, musamman abin da ya shafi haihuwa da auratayya, ba ya fita ko ga dangi sai da izininsa, ɗaukar hotonsa ko muryarsa a saka a intanet domin talla kuma yana bukatar yarda bayyananniya wadda ba a saye ta da ragin kuɗi ba.

Idan duk da wannan wani ya dawo yana amai, ko ƙaiƙayi, ko fitsarinsa ya ragu bayan shan magani, a sa ya dakata da sha, a tura shi asibiti tare da ragowar kwalbar, a duba lambar haɗin a littafi, a kira dillalan da suka ɗauki wannan haɗi su tsayar da sayarwa. Sannan a kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha ko ta manhajar Med Safety, a miƙa ɗaya daga cikin kwalaben da aka ajiye domin gwaji, kada a sake fitar da haɗin sai sakamako ya dawo.